Waiwaye: 'Yan cin rani da giyar sake ta Japan

A watan Disambar 2024, a taron da ta yi a birnin Asuncion na ƙasar Paraguay, hukumar UNESCO ta sanya sana'ar haɗa sake cikin jerin al'adun gado na duniya. Sake giyar shinkafa ce, amma abin da aka karrama shi ne ƙwarewar sarrafa koji, wani funfuna da ake barbaɗa wa turarriyar shinkafa har gārinta ya koma zaƙi. Da shi ne kuma Japanawa ke yin miso, abin miyarsu na kullum.

Sana'ar ta tsufa. Kundin dokokin fada na shekarar 927 ya bayyana yadda ake haɗa ta domin bukukuwan sarki da na addinin Shinto, daga baya gidajen ibada na birnin Nara suka inganta ta. Sai dai kamannin da ta ɗauka a yau sun samo asali ne daga zamanin Edo (1603 zuwa 1868), lokacin da haɗa sake ya koma aikin hunturu. In ƙanƙara ta rufe gonaki, sai manoma su ɗaure kayansu su nufi gidajen giya neman kuɗi. Cin rani ne sak, illa dai nasu ranin sanyi ne.

Shugaban ayarin shi ake kira toji. Kowane yanki da zuriyarsa da sirrinsa: Nanbu a lardin Iwate, Echigo a Niigata, Tanba a Hyogo. Aikin kuwa ba na rago ba ne. Waje na daskarewa, ɗakin koji na turiri, ma'aikaci ya tashi tsakar dare ya sa hannu yana wargaza shinkafa don kada zafinta ya wuce kima. Har natto, waken da aka ruɓar, ba sa ci a lokacin, don ƙwayoyinsa na iya ɓata koji gaba ɗaya.

Ruwa ma ya raba garuruwa. Na Nada, kusa da Kobe, ma'adinai sun yi masa yawa, giyarsa na da kaifi, ana ce mata namiji. Na Fushimi a Kyoto mai laushi ne, giyarsa kuma ana ce mata mace.

Gwamnati ba ta bar sana'ar ta sarara ba. Harajin giya ya zama babban jigon baitulmali a zamanin Meiji (1868 zuwa 1912), kuma a 1899 aka haramta haɗa ta a gida. Ƙarancin shinkafa lokacin yaƙin duniya na biyu ya sa aka riƙa tsawaita ta da barasa, abin da ya zubar mata da daraja shekaru da dama.

Shan sake a Japan ya kai ƙololuwa a 1973, yanzu bai kai kashi ɗaya bisa uku na wancan ba. Ƙauyukan da ke turo 'yan cin rani sun tsufa, matasa sun tafi birni. A gidajen giya da yawa yau mai gidan ne da kansa, ko 'yarsa, ke shiga ɗakin koji.