Itacen Hawthorn

Hawthorn ƙaramin itace ne mai ƙaya da ake shukawa don ado a lambuna da gefen tituna a ƙasashe masu sanyi. Masana tsirrai suna kiransa Crataegus, Larabawa kuma za'arur. Danginsa ɗaya da tuffa da furen wardi. Asalinsa Turai ne da Asiya da Arewacin Afirka da Arewacin Amurka, kuma yawancin ire-irensa ba sa wuce mita 5 zuwa 15 a tsawo.

Abin da ya sa masu lambu ke sonsa shi ne yana ƙawata wuri sau biyu a shekara. A watan Mayu yakan lulluɓe da fararen furanni tsibi-tsibi har ganye ya ɓace, shi ya sa Ingilawa ke kiransa da sunan watan. Da kaka kuma sai ya cika da jajayen 'ya'ya masu girman magarya, waɗanda kan daɗe a kan rassa bayan ganye ya zube, tsuntsaye su yi ta ci da hunturu. Sai dai furen ba na shinshina ba ne: akwai sinadarin trimethylamine a cikinsa, wanda ke ba shi ƙarni irin na kifin da ya fara lalacewa. A da, a Ingila, ana camfa shigar da reshensa cikin gida.

A Turai iri biyu aka fi sani: Crataegus monogyna mai ƙwallo ɗaya, wanda aka shuka da yawa a matsayin shinge lokacin da aka killace gonakin Ingila a ƙarni na 18 da na 19, da Crataegus laevigata mai ƙwallo biyu ko uku. Daga na biyun aka samo 'Paul's Scarlet' mai jan fure ninki-ninki, wanda William Paul, wani mai renon tsirrai a Ingila, ya fitar kasuwa a 1866. Kyansa ba a magana, amma ragon itace ne wajen cuta, domin tabon ganye kan tsige shi tas tun kafin kaka. A Amurka an fi shuka Crataegus phaenopyrum da 'Winter King', waɗanda suka fi juriya. Jihar Misuri ta ɗauki furen hawthorn a matsayin tambarinta a 1923.

Ba shi da tsirfa wajen ƙasa. Yana yi a laka da ƙasa mai farar ƙasa, yana jure iska da hayaƙin birni, muddin ya sami rana kuma ruwa bai kwanta a gindinsa ba. Ƙwallonsa ba ya tsira sai ya sha sanyin hunturu, wani lokaci sai bayan wata 18; ire-iren ado kuwa aure ake yi musu a kan gindin wani. Wannan buƙatar sanyin ce ta sa ba ya yi a ƙasashe masu zafi.

Babbar cutarsa ita ce ta ƙwayar Erwinia amylovora, mai sa reshe ya yi baƙi kamar an babbaka shi. Maganinta a sare reshen tun daga inda yake lafiyayye a ƙone. Ƙayar wani irin hawthorn mai suna Crataegus crus-galli kan kai santimita 8, saboda haka a filin wasan yara irinsa marar ƙaya ake shukawa.