Yadda ake tantance haƙƙin ƙirƙira a fasahar raba sadarwar 5G sassa-sassa

Kafin wayar 5G ta iso shagon mai saida waya, an yi shekaru ana ja-in-ja a kan takardu tsakanin lauyoyin kamfanoni da jami'an ofisoshin haƙƙin ƙirƙira. Ɗaya daga cikin fagagen da ja-in-jar ta fi zafi shi ne raba hanyar sadarwa sassa-sassa. Ga tambayoyin da suka fi tasowa a kan lamarin.

Da farko, me ake nufi da raba sadarwa sassa-sassa?

Ka ɗauki babban gida na gado. Zaure ɗaya, rijiya ɗaya, katanga ɗaya, amma a ciki kowane magidanci da sashensa, da ƙofarsa, da tsarin da yake tafiyar da iyalinsa. Haka kamfanin sadarwa yake yi da 5G. Turakun sabis ɗin da na'urorin cibiya duk ɗaya ne, sai a yi amfani da manhaja a ware sashe don masu kallon bidiyo da ke son gudu, wani sashe don injinan masana'anta da ba sa jure jinkiri ko na ƙiftawar ido, wani kuma don dubban mitocin wuta da ke aika ɗan saƙo jefi-jefi. Cunkoson wani sashe bai kamata ya taɓa maƙwabcinsa ba.

Ƙungiyar 3GPP, wadda aka kafa a 1998 don tsara ƙa'idojin sadarwar wayar hannu, ta shigar da wannan tsari cikin fitowarta ta 15 a 2018. Kowane sashe yana da lambar shaida da ake kira S-NSSAI. Kashin farko na lambar yana faɗin nau'in hidima: 1 don intanet mai gudu, 2 don sadarwa mai aminci marar jinkiri, 3 don tarin ƙananan na'urori, daga baya aka ƙara 4 don motoci. Waya ɗaya tana iya samun izinin sassa har takwas a lokaci guda.

To me kamfani yake neman ya mallaka a nan? Tunanin raba gidan?

A'a, wannan ya riga ya zama na kowa. Tun a 2015 ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta NGMN ta bayyana shi a takardarta kan 5G, kuma tun zamanin 4G akwai tsarin keɓe cibiya ta musamman ga wasu na'urori. Abin da ake nema shi ne ƙananan dabarun saiti. Wace na'ura ce za ta fara magana? Wane bayani ne zai shiga cikin saƙon? Idan waya ta bar wani turken sabis ta koma wanda ba ya ɗauke da sashen da take amfani da shi, a yanke ta ne ko a mayar da ita wani sashe? Idan sashe ya cika maƙil, yaya za a gaya wa wayar ta dakata, kuma har tsawon wane lokaci?

Takardar neman tana iya kai shafi hamsin ko fiye, amma zuciyarta 'yan jimloli ne a ƙarshe, waɗanda ake kira da'awowi. Su ne iyakar gonar. Abin da da'awa ba ta ambata ba, ba na mai nema ba ne, ko da ya cika shafi goma yana bayaninsa.

Wane ne yake tantancewa, kuma me yake dubawa?

Jami'in tantancewa galibi injiniya ne da ya ƙware a fannin. A Turai yana aiki ne a ofishin EPO mai hedikwata a Munich ta Jamus, a Amurka kuma a ofishin USPTO da ke Alexandria a jihar Virginia. China, Japan da Koriya ta Kudu kowace da nata babban ofishin. Irin waɗannan takardu suna faɗawa ne rukunin H04W a tsarin rarraba takardun haƙƙin ƙirƙira, wato rukunin sadarwa ta iska.

Abu uku ne suka fi ɗaukar hankalinsa. Shin abin sabo ne, ko akwai takarda guda da ta riga ta faɗi duk abin da da'awar ta ƙunsa? Idan sabo ne, akwai basira a ciki, ko kowane gwanin sana'ar zai iya kaiwa gare shi cikin sauƙi? Sannan an yi bayani yadda wani injiniya zai iya aiwatarwa? A dokar Turai sashe na 54 da na 56 ne ke magana kan na farko da na biyu, a ta Amurka kuma 102 da 103.

A ina jami'in yake samo hujjar cewa abu ba sabo ba ne?

Nan ne wannan fanni ya bambanta da sauran, kuma nan ne na fi ganin ya kamata mai karatu ya tsaya. Injiniyoyin Huawei, Ericsson, Nokia, Qualcomm, Samsung, ZTE da sauransu suna haɗuwa a tarukan 3GPP sau da yawa a shekara. Kowane kamfani yana kawo shawararsa a rubuce, a ba ta lamba, a ɗora ta a rumbun ƙungiyar inda kowa zai iya saukewa kyauta. Takardun kwamitin da ke tsara ginin cibiya suna farawa da S2, na kwamitocin rediyo kuma da R2 ko R3. Wata takardar shafi biyu ce kawai, wata ma taro ya yi watsi da ita. Amma da zarar ta fita fili, ta zama ilimin da duniya ta sani, kuma jami'i zai iya ɗauko ta ya ƙi amincewa da da'awa.

Shi ya sa kwanan wata ya zama komai. Kamfanoni sukan yi hanzarin shigar da takardar nema kafin su ɗora shawararsu, wani lokaci da tazarar kwana ɗaya ko biyu. A Turai babu sassauci: in injiniyanka ya ɗora takarda ranar Litinin, lauyanka ya shigar da nema ranar Talata, da hannunka ka kashe kanka. Amurka tana ba mai ƙirƙira rangwamen shekara guda a kan abin da shi da kansa ya bayyana, sai dai kamfanin da ke son kariya a ƙasashe da yawa ba zai dogara da wannan ba.

Akwai kuma wata wahala. Ba a wallafa takardar nema sai bayan wata 18. Kamfanoni biyar suna iya shigar da kusan dabara ɗaya cikin mako ɗaya, kowa bai san da ɗan'uwansa ba, domin duk matsala ɗaya suke ƙoƙarin warwarewa kafin taro na gaba. Shekaru bayan nan jami'i ne zai zauna ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ya gano wanda ya riga.

Yaya musayar take tafiya a aikace?

Bari mu ƙaddara misali. Kamfani ya rubuta da'awa cewa waya za ta aika jerin sassan da take so lokacin rajista, cibiya ta duba abin da mai layin ya biya, ta mayar mata da jerin waɗanda aka amince. Jami'i zai buɗe kundin TS 23.501, wanda ya tsara ginin 5G, ko wani daftarinsa da ya riga ranar nema, ya nuna sakin layin da ya faɗi hakan. Sai ya aika wasiƙar ƙin amincewa. A Amurka ana ba mai nema wata uku ya amsa, ana iya tsawaitawa zuwa shida idan ya biya kuɗi.

Lauya zai dawo ya matse da'awar. Yanzu sai ya ce cibiya tana haɗa wa da wani ma'aunin lokaci, wayar kuma ba za ta sake neman sashen da aka hana ta ba sai lokacin ya ƙare. Jami'i zai sake bincike, ya samo wata takarda ta zamanin 4G inda ake sa waya ta jira idan cibiya ta yi cunkoso. Sai ya ce: haɗa wannan da wancan ai abu ne da kowane gwani zai yi. A nan gardamar take tsayawa. Jami'in Turai yana bin mataki-mataki: ya ɗauki takardar da ta fi kusa, ya fitar da bambancin, ya tambayi wace matsala bambancin ya warware, sannan ya duba ko gwani da ya fuskanci matsalar zai bi wannan hanya. A Amurka, tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar KSR da Teleflex a 2007, haɗa sanannun abubuwa biyu don samun sakamakon da ake tsammani ba ya wadatarwa.

Lauya ba shi da damar ƙirƙiro sabon bayani a tsakiyar tafiya. Duk gyaran da zai yi dole ya kasance yana cikin takardar asali, kuma EPO tana da tsauri sosai a kan wannan. Dalilin ƙa'idar a fili yake: kamfani yana iya jira ya ga inda 3GPP ta tsaya, sannan ya lanƙwasa tsohuwar takardarsa ta dace da ita. In jami'i ya yi sakaci a nan, an ba mutum gonar da bai share ba.

Tunda duk manhaja ce, ana ba ta haƙƙin ƙirƙira kuwa?

Ana bayarwa idan ta warware matsalar fasaha, kamar rage yawan saƙonni tsakanin waya da turken sabis ko hana yankewar kira. Da'awar da ta tsaya kan tsarin kasuwanci, misali yadda za a caji mai hayar sashe, takan sha wuya a Turai, haka ma a Amurka tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar kamfanin Alice a 2014.

Idan an bayar da takardar, shi ke nan kowa sai ya biya?

Ba nan take ba. A Turai kowa yana da wata tara ya shigar da ƙorafi a gaban EPO, kuma kotu tana iya soke takardar daga baya. Idan ta tsira, tana aiki shekara 20 daga ranar nema.

Nauyinta na gaske yana zuwa ne idan dabarar ta shiga cikin ƙa'idar 3GPP, yadda ba za a iya ƙera waya ko turken 5G ba tare da an taka ta ba. Mai irin wannan takarda yana sanar da ETSI, cibiyar tsara ƙa'idojin sadarwa ta Turai da ke Sophia Antipolis a Faransa, ya yi alkawarin ba kowa lasisi bisa adalci da farashi mai ma'ana ba tare da wariya ba. Amma ETSI ba ta bincika ko da gaske takardar tana da wannan matsayi; kamfani ne ke faɗa da bakinsa. Jami'in tantancewa ma ba aikinsa ba ne. Saboda haka tarin takardu yakan zama makamin ciniki, mai yawa shi ke da baki. A 2017 Ericsson ta ce za ta karɓi dala 2.5 zuwa 5 a kan kowace wayar 5G, Nokia ta sa iyakar yuro 3 a 2018, Huawei kuma dala 2.5 a 2021. Waɗannan kuɗaɗe na dukan tarin takardunsu ne, ba na raba sassa kaɗai ba, kuma a ƙarshe suna cikin farashin da mai saye yake biya. Abin da ya sa nake ganin jami'in da ya ƙi sa hannu a kan da'awa marar ƙwari yana kare aljihun mutanen da ba su taɓa jin sunan ofishinsa ba.

A Najeriya da Nijar fa, ana irin wannan tantancewa?

Dokar Najeriya ta 1970 kan haƙƙin ƙirƙira da zane ba ta ɗora wa magatakarda binciken ko abu sabo ne ba. Yana duba cikar takardu ne, ya bayar, kuma dokar ta ce alhakin ingancinta yana wuyan mai ita. Sai an je Babbar Kotun Tarayya ake gwada ƙwarinta. Nijar, Kamaru da Chadi suna ƙarƙashin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, inda nema ɗaya ke aiki a ƙasashe 17. Injiniyan da ke Kano ko Maraɗi da ya fito da dabara a wannan fanni yana da wata 12 daga ranar da ya fara shigarwa ya nemi kariya a waje, ko ya bi ta yarjejeniyar PCT ta neman kariya a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya, da hukumar WIPO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa daga Janiba, wadda ke ba shi kusan wata 30 kafin ya zaɓi ƙasashe. Kafin ya kashe ko kwabo a wurin lauya, ya fara sauke kundin TS 23.501 da takardun S2 na shekarun baya ya karanta, domin su ne jami'in zai fara buɗewa.