P-Bass da J-Bass: abin da masu jitar bes ke nufi da haruffan nan biyu

Duk wanda ya tashi neman jitar bes ta lantarki don ya shiga ƙungiyar makaɗa, ba zai yi nisa ba za a jefo masa tambaya: P kake so ko J? Masu sayar da kayan kiɗa suna rubuta haruffan a tallarsu, makaɗa kuma suna ambatonsu a hira ba bayani, sai ka ce kowa da su aka haife shi. P tana nufin Precision Bass, J kuma Jazz Bass. Dukansu ƙirar kamfanin Fender ne na Amurka, amma tuni sunayen suka fi ƙarfin kamfanin. Duk jitar da aka ƙera bisa ɗaya daga cikin tsarin nan biyu, a Indonesiya aka yi ta ko a Sin, da harafin ake kiranta.

Jitar bes dai ita ce mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda sautinta ke can ƙasa, irin wanda ƙirji ke riga kunne jinsa. Ana ɗaure tsirkiyoyin a kan sautukan da makaɗa ke kira E, A, D da G, kuma mafi kaurinsu tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya. Aikinta a ƙungiya shi ne ta ɗinke tsakanin mai ganga da sauran makaɗa: tana tafiya da bugun gangar ƙafa, tana kuma nuna wa mawaƙi inda karin waƙa ya dosa. Mafi yawan masu sauraro ba sa lura da ita sai ta yi shiru.

Kafin 1951 da wani ƙaton goge na Turawa ake wannan aiki, wanda ake kafawa a ƙasa, tsawonsa ya kai na mutum. Ɗaukarsa wahala, shigar da shi mota wahala, sannan da zarar an busa ƙahonni an buga ganguna sai ya ɓace. Wani mai suna Paul Tutmarc a birnin Seattle ya ƙera bes ta lantarki tun a shekarun 1930, amma ba ta yi kasuwa ba. Wanda ya ci nasara shi ne Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, mutumin da shi kansa bai iya kaɗa jita ba. A 1951 ya fito da bes mai gangar jiki ta katako zalla, wadda ake ratayawa a kafaɗa, ya kuma gindaya mata siraran ƙarafa a wuya, waɗanda makaɗa ke kira firet. Mai goge irin namu da kunnensa yake laluben inda zai ɗora yatsa, domin babu wata alama a jikin gogen, kuma haka tsohon bes na Turawa yake. Da firet kuwa, inda ka danna nan sautin zai fito daidai ba kuskure. Daga wannan daidaito sunan Precision ya fito. Monk Montgomery, a ƙungiyar Lionel Hampton, yana cikin na farko-farkon da suka yi yawo da ita.

P ɗin da aka sani yau a 1957 ta kammala kamanninta. A shekarar aka sauya mata maɗaukin sauti, wato ɗan maganaɗisun nan da aka naɗe da siririyar wayar tagulla aka ajiye ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda ke mayar da karkarwarsu lantarki. Makaɗa fikof suke ce masa. Na P guda ɗaya ne amma an raba shi gida biyu: rabi yana ƙarƙashin tsirkiya biyu masu kauri, rabi yana ƙarƙashin sauran biyun, an ɗan goce da su daga juna. Idan ka ga wasu baƙaƙen tubala biyu a tsakiyar jikin jita, ɗaya ya ɗan gota ɗaya, to P ce ko daga nesa. An naɗe rabin biyu ta fuskoki mabambanta, don haka kowanne yana kashe gurnanin lantarkin da ɗan'uwansa ya kwaso. Maɓallanta biyu ne kacal, na ƙara da na kaifin sauti.

J ta zo a 1960. Jikinta a karkace yake, ƙugun gefe ɗaya ya gota na ɗaya gefen, kuma wuyanta ya fi siranta: faɗinsa a can sama kusa da kai milimita 38 ne, alhali na tsofaffin P ya kai 44, na yanzu kuma wajen 41. A takarda bambancin ba shi da yawa, amma tafin hannu yana gane shi nan take. Fikof ɗinta biyu ne, dogaye sirara, ɗaya wajen tsakiyar jiki, ɗaya kusa da gadar da tsirkiyoyi ke ƙarewa a kanta. Kowanne da maɓallin ƙararsa, sai na uku na kaifin sauti.

To a nan ne ainihin maganar take. Tsirkiya ba ta karkarwa iri ɗaya daga farkonta zuwa ƙarshenta. Wajen tsakiya tana lilo da faɗi, sautin wurin mai kauri ne. Kusa da gada kuwa a ɗaure take tamau, sautin wurin siriri ne mai cizo. Fikof ɗin P yana zaune inda kauri da tsakiyar sauti suka fi yawa, shi ya sa muryarta ke fitowa dunƙule, ba ado, kamar ana magana da cikakken baki. J kuma tana ba ka damar gauraya wurare biyu. Ka buɗe na gaba kaɗai ka samu abin da ya yi kusa da P, ko da bai kai ta nauyi ba. Ka buɗe na baya kaɗai ka samu murya mai fita ta hanci wadda kowane ɗan motsin yatsa ke bayyana a cikinta. Ka buɗe su duka biyu har ƙarshe, sai wani sashe na tsakiyar sautin ya kashe juna, ya bar ƙasa mai zurfi da sama mai ƙyalli. Wannan murya ta ƙarshe ita ce ke sa masu marin tsirkiya da babban yatsa son J. Larry Graham, wanda ake dangantawa da fara wannan salo, da Marcus Miller, duk da ita aka san su.

Sai dai wannan kyan nata shi ke yaudarar sabon mai saye. A cikin shago, kai kaɗai da amfulifaya, J kusan kullum ta fi daɗin ji: akwai zurfi, akwai sheƙi. P kuwa ita kaɗai sai ka ji ta wani dunƙum, har da ɗan gautsi. Amma ba a shago za ka yi kiɗa ba. A fili, gangar ƙafa ta riga ta mamaye can ƙasa, faifan ƙarfen mai ganga da jitoci sun mamaye sama, mai fiyano kuma hannunsa na hagu ba ya zama wuri ɗaya. Gurbin da ya rage wa bes shi ne ƙasa-ƙasan tsakiya, daidai inda P ta fi ƙarfi, kuma daidai inda J ke ramewa idan an buɗe fikof biyu duka. Shi ya sa za ka ga mai J yana ta ƙara murya, shugaban ƙungiya yana ɗaga masa hannu yana cewa, “Malam, ana jin rugugi amma ba a jin abin da kake kaɗawa.” Maganin ba wuya: a ɗan rage ɗaya daga cikin fikof ɗin, tsakiyar sautin za ta dawo. To amma da ka rage ɗaya, kariyar da suke yi wa juna ta karye, sai gurnanin lantarki ya shigo. Wanda ke kiɗa da janareto, ko a zauren da ba a yi wa wayoyinsa hanyar sauke wuta ƙasa ba, ya san wannan zuuu ɗin da ke cika lasifika tsakanin waƙa da waƙa.

A ganina, mai shiga ƙungiya mai yawan kayan kiɗa, wanda aikinsa riƙe gindin waƙa ne, P ta fi masa sauƙin rayuwa. Tarihi ma yana bayansa. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown a Detroit, P ƙirar 1962 ya riƙe, kuma da yatsa ɗaya na hannun dama yake yawancin aikinsa. Carol Kaye a Los Angeles da P ta yi dubban naɗe-naɗe, ita da ɗan tsinken roba take kaɗawa. Donald Dunn na kamfanin Stax a Memphis shi ma P ne. Amma ba a ce J ba ta riƙe ƙungiya ba. Aston Barrett, mai bes na Bob Marley, da Jazz Bass aka fi saninsa, kuma babu wanda ya taɓa cewa kiɗan rege ya rasa nauyi. Shi kuwa Jaco Pastorius, J ƙirar 1962 ya cire wa firet gaba ɗaya ya shafe wuyan da wani danƙo mai tauri, ya mayar da bes abin da ke rera waƙa da kansa. Jin faifansa ne ya sa Richard Bona na Kamaru ya koma bes. Idan ƙungiyarku ƙarama ce, mutum uku ko huɗu irin na masu jitar Agadez, akwai fili da yawa a cikin sautin, J za ta samu wurin shaƙatawa. Haka mai gajerun yatsu, sirantar wuyanta kaɗai ta isa dalili.

Akwai kuma PJ, wadda aka haɗa wa fikof ɗin P a tsakiya da na J kusa da gada. Yamaha da Ibanez da Fender kansa duk suna yin ta. Ba laifi, kodayake yawancin masu ita kan ƙare da amfani da ɓangaren P ɗin kawai.

Sauran tsofaffin da ake sakawa a wannan sahu kowacce da halinta. Höfner 500/1 ta Jamus, mai siffar goge, wadda Paul McCartney ya saya a Hamburg a 1961, holoƙo ce marar nauyi, tsawon tsirkiyarta inci 30 maimakon inci 34 na P da J, sautinta gajere ne mai taushi. Rickenbacker 4001 tana da ƙara mai kaifi wadda ba ta ɓoyuwa, ta dace da wasu salon, ta yi wa wasu katsalandan. Music Man StingRay ta 1976, wadda Leo Fender ke da hannu a ƙirarta bayan ya sayar da kamfaninsa ga CBS, kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, a 1965, tana da ɗan injin ƙara ƙarfin sauti a cikinta mai aiki da batir na bolt 9. Ƙarfi kam akwai shi, amma ranar da batir ya mutu ana tsakiyar biki, sai dai a yi ta kallon-kallo. P da J na asali ba ruwansu da batir. Masu kiɗan coci a Jos da Kaduna da Legas kuma da yawa sun fi son mai tsirkiya biyar, saboda ƙarin B na ƙasa, kuma ita ma ana samunta a tsarin P ko J.

Wannan cinikin na 1965 shi ne asalin wata kalma da ’yan kasuwar tsofaffin jitoci ke yawan faɗa, wato pre-CBS, ma’ana wadda aka ƙera kafin kamfanin ya sauya hannu. Kuɗinsu ya zama na masu tara kayan tarihi, ba na mai neman abin zuwa biki ba. Fender na yau yana ƙera manyan nasa a Corona ta Kalifoniya, matsakaita a Ensenada ta Meziko, masu rahusa kuma da sunan Squier, wanda ya fara sakawa a jitoci a 1982. Squier da aka saita da kyau ta fi Fender mai karkataccen wuya nesa ba kusa ba. Sunan da ke kan jita kuwa shi ne abu mafi sauƙin bugawa, kuma kasuwar gwanjo cike take da jabu.

Don haka idan ka ɗauki jita a hannu, manta da tambarin tukuna. Ɗaga ta ka saita idonka daga kai zuwa jiki, kamar mai duba miƙewar katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne, amma idan wuyan ya murɗe gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, ajiye ta. Cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake juyawa don miƙar da shi, ka tabbata tana juyawa, domin idan ta cije ko ta karye gyaran na iya fin kuɗin jitar. Danna kowace tsirkiya a kowane firet ka saurari ko akwai inda take kaɗa ƙarfe. Murɗa maɓallan ka ji ko suna ƙarƙar. Sannan ka rataya ta ka tsaya, domin kilo huɗu a kafaɗa ba komai ba ne a minti biyar, amma bikin da aka fara bayan isha’i ba a san lokacin tashinsa ba. Lokacin hunturu kuma ka shafa yatsa a gefen wuyan: bushewar iska tana sa katako ya tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu, musamman a jitar da aka shigo da ita daga wuri mai laima.

Tsirkiya ma tana da nata rabon a cikin abin da mutane ke ɗora wa harafi. Bes ɗin shekarun 1950 da farkon 1960 da tsirkiya mai santsi ake kaɗa su, wadda aka naɗe da ƙarfe shimfiɗaɗɗe, sautinta a dushe yake kuma tana shekaru ba a sauya ta ba. Jamerson irinta yake amfani da ita, da ɗan soso a ƙarƙashin murfin gada don sautin ya mutu da wuri. Mai kaushi, wadda aka naɗe da zagayayyiyar waya, a tsakiyar shekarun 1960 ta bazu ta hannun kamfanin Rotosound na Ingila da John Entwistle, mai bes na ƙungiyar The Who, kuma ita ce ke zuwa a kan kusan kowace sabuwar jita yau. Wanda ya sayi P yana neman muryar Motown ya bar mata sabuwar tsirkiya mai kaushi, zai ji ƙarar ƙarfe ya ɗauka an cuce shi. Ya sauya tsirkiyar, ya rage maɓallin kaifi zuwa rabi, ya sake gwadawa tare da mai ganga.