MikroRNA a Jikin Tsirrai

MikroRNA wasu ƴan guntayen RNA ne (RNA sinadari ne mai kama da DNA da ke ɗaukar saƙon ƙwayar gado) da jikin tsiro ke ƙerawa, tsawonsu harafi 20 zuwa 24, galibi dai 21. Ba a yin furotin da su, aikinsu shine su tare saƙon da ƙwayar gado ta aiko, su sa a datse shi ko a hana karanta shi.

Tarihi

Abin ya fara ne da furen fetuniya. A 1990 Richard Jorgensen da Carolyn Napoli a Amurka sun ƙara wa furen ƙwayar gadon launi don ya ƙara rinewa, sai gashi wasu furannin sun fito fari fat, aka rasa dalili. A 1993 ɗakin binciken Victor Ambros ya gano mikroRNA na farko, lin-4, a jikin wata ƴar tsutsa, aikin da ya kai shi da Gary Ruvkun ga kyautar Nobel a 2024. A 1999 masu bincike Hamilton da Baulcombe a Ingila suka ga ƙananan RNA a tsirran da ƙwayar gadonsu ta daina aiki kaman ta fetuniyar nan, sannan wajajen 2002 ƙungiyoyi da dama suka tabbatar da mikroRNA a Arabidopsis, ɗan haki ne amma kusan duk ilimin nan daga gare shi ya fito.

Yanda suke aiki

Wasu furotin uku ne ke wannan aiki: DCL1 ke yanko mikroRNA daga doguwar RNA, HEN1 ya kare su daga lalacewa, AGO1 ya ɗauke su zuwa saƙon da za a datse.

Balaga da fure

Nan ne abin yafi burgewa. Tsiro yana ƙarami wani mikroRNA mai suna miR156 ya cika jikinsa, yana danne ƙwayoyin gadon SPL, shi yasa baya fure, yana girma sukari na ƙaruwa a ganye sai miR156 ya dinga ja baya miR172 kuma ya taso ya danne ƙwayar gadon APETALA2 da danginta masu hana fure, hanyar fure ta buɗe kenan. An ga wannan canji har a bishiyoyi, kuma duk wanda ya san mangwaro mai aure ya san reshen babbar bishiya baya jira shekaru kaman ɗan ƙwallo. Wata masara mai suna Corngrass1 da miR156 ya mata yawa sai tayi ta tofo kaman ciyawa. A shinkafa kuwa, masu bincike a Sin sun nuna a 2010 cewa in OsSPL14, ɗaya daga ƙwayoyin gadon SPL na shinkafa, ya kuɓuce wa miR156, tofo na raguwa, kara yayi ƙwari, zangarniya ta ƙara tsaba.

Su miR165 da miR166 ke raba saman ganye da ƙasansa.

Taƙaddama

Wani rahoto na 2012 yace mikroRNA na shinkafa na shiga jinin wanda ya ci. Gwaje-gwaje da yawa daga baya basu tabbatar ba.