Tsohon mashin da takardar lafiyar hanya: tsufa ba laifi ba ne a doka

Magana biyu ke yawo a Gombe, daga Tashan Dukku har Jekadafari, kuma kowace tana ƙaryata 'yar'uwarta. Ta farko wai duk mashin ɗin da ya kwana biyu, musamman Jincheng da roba-roba, ba zai ƙara samun takardar lafiyar hanya ba, gara mutum ya karyar da shi tun da sauran daraja. Ta biyu wai kotu ta soke VIO, hukumar duba lafiyar abin hawa, saboda haka babu mai ikon tambayarka wata takarda. Abin dariyar, mutum ɗaya zai turo maka duka biyun a WhatsApp. Babu wadda ta tsaya da ƙafarta a cikinsu.

Dokar da ake aiki da ita ita ce Ƙa'idojin Zirga-zirgar Hanya na Ƙasa na 2012, tare da dokar hanya ta kowace jiha, kuma jami'an VIO na jiha ne ke duba abin hawa su ba da takardar. Ta hau kan mashin na gida, na acaɓa, roba-roba da Keke Napep. Abin da ake dubawa halin da mashin yake ciki ne a ranar: birkin gaba da na baya su kama, fitila da sigina su kawo, oda ta yi ƙara, taya tana da zane, akwai madubi, salansa ba ta fashe ba kuma ba ta turnuƙe hanya da hayaƙi. Ba a tambayar shekarar da aka ƙera shi don a kayar da shi, ba a tambayar kamfanin da ya yi shi. Iyakar shekarun da mutane ke ji ta kwastan ce, kan tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga waje. Ina zaton daga can aka ɗebo ta aka jibga wa mashin.

Gaskiya ne tsofaffin masu araha sun fi faɗuwa idan aka duba da gaske, amma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Waya ce ke fara lalacewa, batir ya mutu a cire shi, daga nan sigina da oda sun tafi. Igiyar birkin gaba ta tsinke, mai mashin ya ce na baya ya ishe shi. Ringi ya cinye, inji ya fara shan baƙin mai, hayaƙi ya biyo baya. Ban da ringin, duk gyaran awa ɗaya ne a wurin bakanike. Shi kuwa yaron da ya fito da sabuwar Boxer daga shago ya kwance madubai ranar farko don gayu, a idon doka nasa ya fi tsohuwar Jincheng ɗin malamin makaranta matsala.

Sai batun kotu. Hukuncin gaskiya ne: a watan Oktoban 2024 Mai shari'a Evelyn Maha ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce hukumar VIO ta birnin tarayya ba ta da dokar da ta ba ta ikon tare abin hawa, ƙwace shi ko cin tara. A lura da inda ta tsaya. Hukumar Abuja aka kai ƙara, kuma abin da aka rasa shi ne dokar da ta ba ta wannan iko. Jiha tana da majalisarta da dokokinta, shi ya sa Legas ta fito nan take ta ce hukuncin bai shafe ta ba. Kuma ko a Abujar ba a ce mashin mara birki ya halasta ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana nan da dokarta ta 2007, 'yan sanda ma suna nan.

Wurin da ya fi rikita mutane shi ne tara. Da yawa sun ɗauka takardar kariya ce: tunda na biya an ba ni, shi ke nan har ta ƙare. Takardar shaida ce kawai cewa ranar da aka duba mashin lafiyarsa ƙalau. Idan bayan wata biyu taya ta siɗe, laifin yana nan ko takardar tana aljihunka. A jadawalin hukumar kiyaye haɗurra kowane laifi da kuɗinsa: abin hawa mai matsalar da ta sa bai cancanci hawa hanya ba naira 5,000, hayaƙi mai yawa 5,000, siɗaɗɗiyar taya 3,000, fitila ko sigina 2,000, rashin hular kwano 2,000. Ana iya haɗa wa mutum biyu ko uku a tsayuwa ɗaya, a riƙe mashin sai ya biya. Biyan kuma ta banki ne da takardar laifi a hannu, ba a gefen titi ba, kuma wanda bai yarda da laifin ba yana da damar a je kotu.

Ga mai albashi wannan ba wani abu ba ne. Ga ɗan acaɓan da ke kai balas kullum, kwana biyun da mashin zai yi a tsare ya fi tarar ciwo, don mai mashin ba zai ɗaga masa ƙafa ba.

A nan ne nake ganin masu ƙorafi suna da gaskiya, ko da jita-jitarsu ba ta da ita. A wurare da yawa a ƙasar nan takardar tana fitowa ne tare da sabunta lasisi, an biya kuɗi, babu wanda ya taɓa birki ko ya kunna fitila. Legas da Abuja suna da cibiyoyin gwaji da na'ura, amma duban mashin galibi da ido ne da hannu, abin da wannan jami'i ya wuce wancan ya tsaya a kai. Idan hukuma ta karɓi kuɗin dubawa ba ta duba ba, sannan ta tare mutum a hanya kan abin da ya kamata ta nuna masa tun farko, da wuya ka gamsar da shi cewa lafiyarsa ake nema. Dubawar kirki mai tsohon mashin za ta fi amfana, shi ne ba ya da kuɗin asibiti.

Abu ɗaya da ke kama masu tsofaffin mashina wanda ba na birki ko taya ba: canjin inji. Inji ya buga, a sayo na hannu a ɗora, lambar da ke jikinsa ta saɓa da ta takarda. A wurin jami'i wannan ya tashi daga batun lafiyar hanya ya koma zargin sata. Wanda ya canza inji ya riƙe rasit ɗin sayensa, ya je ofishin lasisi a gyara takardun kafin a tare shi.