Ma'anar "fitila mai adireshi", da ƙwan da bai san sunansa ba

Tun da igiyoyin fitilun nan masu gudu da launi suka cika intanet, wata kalma ta maƙale a bakin masu talla da masu bayani a bidiyo. A jikin kwali ana rubuta addressable, a baki kuma a ce "mai adireshi". Wani ya ce mai wayo ce, wani ya ce RGB ce, wani ya haɗa duka a numfashi ɗaya kamar sunan abu guda ne. Masu talla ba su cika damuna ba, aikinsu ke nan. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne wani mai bayani da na ji yana cewa, ko ɗar babu, wai kowane ƙwai yana da lambarsa da aka buga masa tun daga masana'anta, kamar yadda kowane layin waya yake da tasa, kuma wai da wannan lambar ce kwantirola, wato na'urar da ke ba igiyar umarni, ke kiransa. Maganar da daɗin ji. Sai dai igiyar da yake riƙe da ita a hannu, samfurin da ake kira WS2812B ce, kuma babu ƙwai ko ɗaya a jikinta da ke da wata lamba.

Batun RGB ba sai an ja shi ba. Haruffan na nufin ja, kore, shuɗi, kuma kusan duk fitila mai sauya launi da su take aiki. Igiyar RGB ta gama-gari tana da waya huɗu, ɗaya ta wuta, uku na launukan, kuma idan ta zama ja to daga farko har ƙarshe ja ce. Wadda ake cewa mai adireshi yawanci waya uku gare ta: ta wuta, ta saƙo, da negetif. Ƙirga wayoyin kawai. Masu haɗa kwamfuta sun san bambancin a jikinsu, domin a madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, akwai soket mai fil huɗu na volt 12, akwai mai fil uku na volt 5, kuma wanda ya cusa igiyar volt 5 a soket ɗin volt 12 ya gama da ita nan take.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar adireshi kanta. Address ta shiga Ingilishi ne daga tsohon Faransanci, saiwarta kuma Latin ce, mai ma'anar miƙewa, tafiya kai tsaye. Ma'anarta ta fari ita ce miƙar da abu, ko nufar da shi wani wuri. Daga nan aka samu nufar mutum da magana, shi ya sa har gobe Bature ke kiran jawabi da wannan kalmar. Rubutun da ake yi a bayan ambulan daga baya ya zo. Mu kuwa da muka ari kalmar, reshe ɗaya tak muka ɗauko, na gidan waya: suna, lambar gida, titi, gari. Don haka da Bahaushe ya ji "mai adireshi", abin da ke zuwa masa shi ne gida mai lamba a ƙofa. Alhali abin da kalmar ke cewa a nan bai wuce "wanda za ka iya nufa shi kaɗai" ba. Malamin da bai san sunan ɗalibi ba yana iya cewa "kai, na uku daga taga", kuma yaro ɗaya ne zai miƙe. Ya nufe shi, bai kira sunansa ba. In yaran suka yi musayar kujera, wani ne daban zai miƙe.

Haka abin yake a cikin igiyar. Ka ɗauka mutum 300 ne a layi, kowa ya ba na bayansa baya, kai kuma kana a bakin layin da damin ambulan 300, babu suna a kan ko ɗaya. Ka fara miƙawa ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya karɓi ta farko ya sa a aljihu, duk wadda ta biyo baya sai ya miƙa gaba ba tare da ya buɗe ba. Na biyu, wanda bai ma san an taɓa yin wata ambulan kafin wadda ta iso shi ba, ya ɗauki ta farkon da ya gani, ya miƙa saura. Kowannensu a ganinsa shi ne na farko. Da ka gama, sai ka yi shiru na ɗan lokaci, kuma wannan shirun shi ne alamar kowa ya buɗe tasa ya aikata abin da ke ciki.

A zahiri kowace ambulan bit 24 ce, takwas-takwas ga kowane launi, kowane bit kuwa ko dai sifili ne ko ɗaya. Bit takwas na ba da matakan haske 256, idan ka ninka na launi uku da juna, 256 sau 256 sau 256, ka samu launuka 16,777,216, lambar da masu talla ke ƙauna. Saƙon na tafiya a kan waya ɗaya, bit 800,000 a sakan. Sifili da ɗaya ana bambanta su ne da tsawon bugun wuta, gajere sifili, dogo ɗaya. Kowane ƙwai na cin maikirosakan 30, wato kashi 30 cikin miliyan na sakan, saboda haka ƙwai 300 na buƙatar kashi 9 cikin dubu na sakan, a iya sabunta su fiye da sau 100 a cikin sakan ɗaya. Shirun ƙarshe kuwa a tsofaffin samfurin ya ɗan haura maikirosakan 50, a sababbin 280. Wanda ke wannan aikin karɓa da miƙawa ɗan mitsitsin IC ne, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, da kamfanin Worldsemi na China ya dasa a cikin ƙwan kansa, ƙwan da faɗinsa milimita 5 ne kacal. Sunan NeoPixel da ake yawan ji, sunan kasuwa ne da kamfanin Adafruit na Amurka ya ba irin waɗannan fitilu.

Na nace a kan wannan ne domin kusan duk wata matsalar haɗawa daga nan take fitowa, kuma wanda ya tafi da labarin lambar masana'anta zai yi ta neman laifi inda babu shi. Yanke ƙwai goma daga tsakiyar igiya ka haɗa su da kwantirola: wanda ya kasance na 151 ya zama na ɗaya, ba sai ka saita komai ba. Layin hanya ɗaya yake bi, shi ya sa aka zana kibiya a jikin igiyar, aka rubuta DIN a wajen shiga, DO ko DOUT a wajen fita. Ni kaina na taɓa ɓata maraice guda ina zargin igiya sabuwa da mutuwa, ashe ta wutsiya na shigar mata da saƙo. Idan kuma ƙwai ɗaya ya mutu a tsakiya, duk na bayansa sun shiga duhu ko da lafiyarsu ƙalau, tunda mai miƙa musu ya faɗi. Wannan ne ya sa aka fito da WS2813 da WS2815 masu wayar saƙo ta biyu, wadda ke tsallake ƙwai ɗaya in ya mutu.

Sannan layin ba ya amsa magana. Kwantirola ba ta da hanyar tambayar igiya "ku nawa ne?", kai ne za ka gaya mata. Ka ce mata 100 alhali 300 ne, sauran 200 su zauna a kashe. A igiyoyin volt 12 masu IC samfurin WS2811 lissafin ya fi rikitarwa, domin IC ɗaya ne ke riƙe da ƙwai uku, su kunna tare su mutu tare, don haka igiya mai ƙwai 300 kwantirola 100 take ganinta. Tsarin launin ma kai za ka faɗa. WS2812B kore take fara karɓa, sannan ja, sannan shuɗi, shi ya sa mutum zai nemi ja ya ga kore ya fara tsine wa mai sayarwa. Wata samfurin kuma, SK6812 mai ƙarin farin ƙwai, bit 32 take ci, kuma in ka aika mata da 24, launuka za su bi igiyar a hargitse, kowa ya ɗauki wani yanki na rabon maƙwabcinsa.

Ba wai babu fitilu masu adireshi na gaskiya ba. Tsarin DMX512, wanda aka fitar a 1986 don fitilun dandamalin wasanni, da lamba yake aiki. Tashoshi 512 ne a layi ɗaya, kowace fitila ana saita mata lambar da za ta fara saurare, ko da 'yan maɓallai a bayanta ko a ɗan allonta, kuma ko ka ɗauke ta daga farkon layi ka kai ƙarshe, lambarta na nan. Ita ce gida mai lamba a ƙofa. Da ni aka tambaya, da ita kaɗai na bar wa wannan sunan, igiyar nan kuma na kira ta fitilar jerin gwano, tunda matsayinta a jeri shi ne duk abin da ta sani. Na san ba zai karɓu ba, bai da ƙyalli a talla.

"Mai wayo" kuwa ya fi ba ni haushi. Wane wayo ne a ɗaukar ambulan ta farko a miƙa saura? Duk gudun launin nan da ke burge mutane, da bakan gizo, da walƙiya mai bin kiɗa, a kwantirola ake lissafa su. Yau galibi kwantirolar 'yar ƙaramar kwamfuta ce irin ESP32 ko ESP8266 ɗauke da manhajar WLED, ka sarrafa ta daga wayarka ta Wi-Fi, ko kuma irinta mai suna Arduino da manhajar FastLED ga mai son rubuta nasa umarnin. Abin yabo ɗaya da ƙwan ke yi shi ne riƙe launin da aka ba shi muddin wuta na nan, da kuma gyara saƙon ya tsabtace shi kafin ya miƙa gaba. Saboda wannan gyaran, saƙo ba ya gajiya a tsakanin ƙwai da ƙwai komai tsawon igiyar. Wurin da yake da rauni shi ne tsakanin kwantirola da ƙwan farko, don haka a gajarta wannan wayar.

A nan ne kuma sauran ƙa'idojin haɗawa suke taruwa. Negetif ɗin kwantirola da na igiya dole su haɗu, ko da kowanne da adaftarsa, in ba haka ba ƙwan farko ba shi da ma'aunin da zai gane dogon bugu daga gajere, sai ka ga fitilu na ƙyaftawa barkatai. ESP32 da volt 3.3 take magana, WS2812B kuma a takardarta tana son kashi 70 cikin ɗari na wutar da take ci, wato 3.5 idan a kan volt 5 take. Sau da yawa tana haƙuri ta yi aiki, wata rana ta ƙi, maganin kuma ɗan IC ne irin 74AHCT125 da ke ɗaga saƙon zuwa 5. A sa rezisto, wato abin rage kwararar wuta, na ohm 300 zuwa 500 a wayar saƙo kusa da ƙwan farko, da kafasito, wato abin daidaita bugun wuta, mai maikirofarad 1000 a bakin shigar wuta. In za a haɗa, negetif ake fara sawa, in za a cire shi ne na ƙarshe.

Wutar ce ke ba mutane mamaki. Lissafin da aka saba yi shi ne miliamfiya 60, wato kashi 60 cikin dubu na amfiya, ga kowane ƙwai idan fari ne a cikakken haske. Igiya mai mita 5 da ƙwai 60 a kowace mita ƙwai 300 ke nan, amfiya 18. Cajar waya ba ta kusa da wannan, fil ɗin kwantirola ma haka, don haka wutar igiya kai tsaye daga adafta za ta fito, da waya mai kauri da fiyus. Ko adaftar ta isa, siririn tagullan da ke jikin igiyar yana cinye wani abu a hanya. Alamar ita ce fari ya fara tas a kai, ya koma rawaya a tsakiya, ya ƙare ja-ja a wutsiya, domin shuɗi da kore sun fi ja buƙatar volt, su ne ke fara sarewa. Wannan ba laifin saƙo ba ne. Waya biyu za ka ja daga adafta ka shigar da wuta a ƙarshen igiyar ko a tsakiyarta, wutar ba ruwanta da kibiya.

Gwaji kuwa kafin a manna komai a bango ake yinsa, kuma a warware igiyar daga naɗinta kada ta yi zafi. Kada ka tsorata in ka ba ta wuta ba ta kama ba, ba saƙo ba haske, haka take. Gaya wa kwantirola ƙwai goma ne kawai, ka rage haske sosai, ka nemi ja. In ja ya fito, nemi kore, sannan shuɗi, tsarin launi ya tabbata. Daga nan sa adadin gaskiya, ka tura ɗigon haske ɗaya ya bi layin daga kai zuwa wutsiya, idonka na biye da shi. Fari mai cikakken haske shi ne na ƙarshe, da mitar awon wuta a hannu kana auna volt a kai da wutsiya.

In ɗigon ya tsaya a wani wuri, fara auna ko wuta na isa can. In tana isa, kada ka yi saurin ɗora wa ƙwan farko da ya ƙi kamawa laifi. Mai yiwuwa shi ne ya kasa karɓa, mai yiwuwa kuma wanda ke gabansa, wanda ke haske lafiya lau, shi ne ya ɗauki rabonsa ya kasa miƙawa. Ni biyun nake yankewa tare a kan layin tagulla, in haɗa bakin da dalma, kibiya na bin kibiya, sannan in rage biyu daga adadin da na gaya wa kwantirola.