Kamaru Usman

Kamarudeen Usman, wanda aka fi sani da Kamaru Usman, ɗan wasan MMA ne, wato faɗan da ya haɗa dambe da kokawa da shuri da shaƙa a cikin keji. An haife shi ranar 11 ga Mayu, 1987 a garin Auchi na jihar Edo. Sunansa kan sa wasu su ɗauka Bahaushe ne, alhali Musulmi ne daga arewacin Edo. Shi ne haifaffen Afirka na farko da ya riƙe kambun UFC, kamfanin da ya fi kowane girma a wannan wasa, kuma ana masa laƙabi da "The Nigerian Nightmare".

Tasowa da kokawa

Yana ɗan shekara 8 iyalinsu suka koma Amurka, suka zauna a Arlington ta jihar Texas. A makarantar sakandare ya fara kokawa. Daga nan ya shiga jami'ar William Penn, sannan ya koma jami'ar Nebraska da ke Kearney, inda a 2010 ya zama zakaran ƙasa na rukuni na biyu na gasar jami'o'i. Burinsa a lokacin shi ne wasannin Olamfik na 2012, har ya tare a cibiyar horaswa ta Colorado Springs, amma rauni ya yi masa cikas. Rashad Evans, tsohon zakaran UFC, shi ya ja shi zuwa Florida, cikin ƙungiyar 'yan wasan MMA ta Blackzilians. Ya fara faɗan kuɗi a ƙarshen 2012, kuma a karawarsa ta biyu Jose Caceres ya shaƙe shi ta baya har ya sallama. Bayan wannan sai da ya yi shekara tara ba a yi galaba a kansa ba.

Hawa da riƙe kambu

A 2015 ya lashe gasar The Ultimate Fighter, wadda ta buɗe masa ƙofar UFC a ajin masu nauyin kilo 77. Shekarunsa na farko ba su burge 'yan kallo ba. Yakan matse abokin karawa da keji, ya kai shi ƙasa, ya danne shi turmi bayan turmi har alƙalai su ba shi maki. Masu son ganin jini sun ce faɗansa ba daɗin kallo, amma wannan hukunci bai yi masa adalci ba, domin danne ƙato mai horo na minti goma sha biyar aiki ne da mutane ƙalilan ke iyawa.

Da wannan salon ya karɓi kambu a hannun Tyron Woodley ranar 2 ga Maris, 2019 a Las Vegas, bayan turmi biyar da Woodley bai samu sararin numfashi ba. Ya kare kambun sau biyar: sau biyu da Colby Covington, sau biyu da Jorge Masvidal, sau ɗaya da Gilbert Burns. Karawarsa ta farko da Covington, a Disamba 2019, ita ce aka fi tunawa: 'yan kokawa biyu suka ajiye kokawar, suka tsaya suna ta musayar naushi har turmi na biyar, inda Usman ya kai shi ƙasa sau biyu alƙali ya tsayar da wasa.

Ranar 20 ga Agusta, 2022 a Salt Lake City, yana kan gaba da maki, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, Leon Edwards na Ingila ya nuna kamar zai kai naushin hagu. Usman ya kauce da kai, sai ya faɗa cikin shurin ƙafar hagu, ya zube a sume. Nan nasararsa 15 a jere a UFC ta tsaya. Ya sake shan kaye a hannun Edwards a Landan a 2023, sannan a hannun Khamzat Chimaev a Abu Dhabi. A Yuni 2025 ya dawo ya doke Joaquin Buckley a Atlanta.

Horo

A Florida, Henri Hooft ne ya koya masa faɗan tsaye. A 2020, da aka shirya zai kara da Burns, abokin atisayensa a gida ɗaya, sai ya koma Colorado wajen mai horarwa Trevor Wittman. Wittman ya gyara masa tsayuwa da miƙaƙƙen naushin hannun gaba, kuma an ga amfanin hakan nan take: da wannan naushin ya kayar da Burns, da hannun dama kuma ya sumar da Masvidal a 2021. Duk wannan yana yin sa ne da gwiwoyin da kokawa ta cinye. Ya sha faɗa cewa ya daina gudu, kuma wani lokaci da baya-baya yake saukowa daga bene saboda ciwo.

Abin da ke ingiza shi

Yakan ambaci 'yarsa, wadda ya ɗauka a cikin keji daren da ya ci kambu, da kuma mahaifinsa. A 2010, shekarar da ya zama zakaran jami'o'i, kotun Amurka ta ɗaure mahaifin bisa laifin zambar kuɗin kiwon lafiya, hukuncin da Usman ke cewa ba a yi adalci ba a ciki. Duk hawan da ɗan ya yi, uban yana tsare. Sai a Afrilu 2021, a Jacksonville, ya zauna a bakin keji ya ga ɗansa yana faɗa, kuma bayan an tashi Usman ya ɗaura masa kambun a ƙugu. Ƙanensa Mohammed Usman shi ma ya bi sahu, ya lashe The Ultimate Fighter a ajin masu nauyi a 2022.